Me Ya Hana Jihar Damagaram Yin Dokarta Kamar Kano da Katsina?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, shagona yana Kasuwar Dole a birnin Damagaram, kuma ina yawan zuwa Kano saro kaya. A can nakan ji an ce majalisar jiha ta yi doka kan ƴan acaɓa, ko kan haraji, ko ta kafa ƴan sa-kai. Mu a nan muna biyan fatanti (harajin sana'a) da lanho (harajin kai) da kuɗin tikitin kasuwa, amma ana fasa shaguna, lunguna ba fitila, in damina ta sauka ruwa ya cinye hanya. Me ya hana jiharmu ta yi tata doka? Kuma wa za mu kai wa kuka? Daga wani mai karatu a unguwar Zango.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Abin da ka gani a Kano gaskiya ne, sai dai tsarin Najeriya da namu na Nijar ba ɗaya ba ne. Najeriya tarayya ce: tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha cikin 36 majalisar dokoki da gwamnan da jama'a suka zaɓa. Shi ya ba Kano damar yin dokar Hisbah a 2003, ta kuma hana acaɓa a cikin birni a 2013, Katsina ta kafa dakarun tsaron al'umma a 2023. Ko a can ɗin ma ƴan sanda da soja na gwamnatin tarayya ne.

Nijar kuwa ƙasa ce dunƙulalliya, doka ɗaya ce daga Tillaberi har Diffa, kuma daga Yamai take fitowa. Gwamnan Damagaram naɗa shi ake yi, wakilin gwamnatin tsakiya ne. Majalisar jiha da aka fara zaɓa a 2011 ba ta taɓa samun ikon yin doka ba, aikinta tsara ci-gaban yanki ne da kasafinsa. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka jingine tsarin mulki, dokoki suna fitowa ne da sa hannun shugaban ƙasa, kuma a Afrilun 2024 an rushe majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo a madadin magadan gari. Kenan wanda ya ce maka gwamna ko magajin gari zai ƙirƙiro sabon haraji daga aljihunsa, ko ya yafe wanda doka ta aza, bai faɗa maka daidai ba.

Kuɗin nan da kake biya ba aljihu ɗaya suke shiga ba, kuma a nan ne ƴan kasuwa da yawa suke ɓata hanya. Fatanti dokar haraji ta ƙasa da dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara ne suke yanke shi, ma'aikatar haraji ke karɓa, sannan a mayar wa birni kasonsa. Dala biyu da ake ɗorawa kan tikitin mota tun ƙarshen 2023, ta asusun taimakon ceton ƙasa ce, ba ruwan birni da ita. Amma tikitin kasuwa, da kuɗin tasha, da na mahauta, da hayar rumfa, da lanhon da mai unguwa yake bi gida-gida yana tarawa, waɗannan na birni ne. Da su ya kamata a kwashe shara, a yashe magudanan ruwa kafin watan Yuli, a sa fitila a bakin kasuwa. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ita ta ɗora wa magajin gari kula da tsabta da lumana da lafiyar hanya, kuma nauyin nan bai faɗi ba don an canza wanda ke zaune a kujerar. Birnin Damagaram yana da gundumomi 5, kowace da ofishinta, don haka ba sai ka je nesa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar tikiti. Ka tsaya ranar Alhamis a Dole ka duba: mai karɓa ya zo da ɗan littafinsa, mai tumatur ta miƙa kuɗi, ya ce ta ba da rabi kawai ba sai ya yaga takarda ba. Ita tana ganin ta samu sauƙi, shi ya samu na goro, asusun birni bai ga ko dala ba. A maimaita wannan a rumfa ɗari, kowane mako, har shekara ta zagayo. Bayan haka mu ne za mu taru a majalisa da yamma muna cewa ba a yi mana aiki. Duk kuɗin da ka bayar ka karɓi takarda mai lamba da hatimi, ka adana ta. Ɗan kasuwan da ya shiga ofis da takardun shekara guda a hannu, ba a yi masa magana kamar wanda ya zo da baki kawai.

Batun tsaro kashi biyu ne. Kama ɓarawo da bincike aikin ƴan sanda da jandarma ne, hukunci na alƙali. In an fasa shago, ka je ka shigar da ƙara a rubuce ko da kana ganin kayan sun tafi ke nan, domin unguwar da ba a rubuta ƙorafinta ba, a takarda lafiya lau take, kuma da takarda ake raba ƴan sintiri. Shi kuwa magajin gari ko gwamna yana iya fitar da ƙuduri a cikin hurumin doka: wurin tsayuwar ƴan kabu-kabu da adaidaita, lokacin rufe kasuwa, hana kasa kaya a kan titi. Manyan matakai irin hana hawa babur da aka yi a Diffa a 2015 sun biyo bayan dokar ta-ɓaci ce da aka ayyana daga Yamai. Ban ba ku shawarar ku tara samari ku ba su adduna da sunan ƴan banga ba. Garin nan ya ga abin da ƙungiyoyin samari marasa linzami suka jawo a shekarun baya. Ku ɗauki masu gadi da sanin kwamishinan ƴan sanda da mai unguwa, a rubuta sunayensu, wanda suka kama su miƙa shi hukuma ba tare da duka ba.

Kukan kuwa, kada ka kai shi kai kaɗai. Ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiyar ƴan kasuwa, ku ambaci layin da ba fitila da magudanar da ta toshe, ku kai ofishin gundumarku, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Ku ba mai unguwa kwafi ya isar fadar Sarkin Damagaram, don sarakuna suna cikin tsarin gudanar da mulki a hukumance, kuma ana jin maganarsu. Dokar 2011 kan samun bayanan hukuma ta ba ka damar neman ganin kasafin kuɗin birni, sai ku nema, ku ga nawa aka ce kasuwa ta tara bara da abin da aka ware mata. In wata guda ya wuce shiru, ku ɗauki kwafin mai hatimi ku kai ofishin gwamna, shi ne mai sa ido a kan hukumar birni.