Tambaya da Amsa: Koya wa Jariri Maganar Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata bakwai, ina so in koya masa alamun hannu ya riƙa nuna abin da yake so maimakon kuka. Surukata ta ce bebe zan mayar da shi. Haka ne? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, alama ba ta hana magana. Hannun yaro yana riga bakinsa nuna, shi ya sa yake miƙa hannu a ɗauke shi tun bai iya cewa "Umma" ba. Sharaɗi ɗaya ne: duk alamar da kika yi, ki faɗi kalmar da bakinki.

Fara da uku kacal. Nono: ki dunƙule hannu ki buɗe kamar mai tatsa. Abinci: ki haɗa yatsu ki kai baki. Ya ƙare: ki karkaɗe tafukanki. Ki durƙusa daidai fuskarsa, sai ya kalle ki, ki yi alamar kusa da bakinki, sannan ki ba shi abin nan take. Idan yana goye a bayanki, aikin banza kike yi, ba ya ganin hannunki.

Yawanci sai yaro ya kai wata takwas zuwa goma da haihuwa yake mayar da alamar farko, kuma a karkace za ta zo, wataƙila ɗan motsa yatsu kawai. Ki karɓa, ki maimaita masa daidai. Inda ake samun matsala shi ne uwa ta yi tata alamar, yaya ta yi wata, ko a jibga masa guda goma a mako ɗaya. Mafi muni, a riƙe kofin kunu sai ya yi alama. Wannan kuka zai koya masa. Masu cewa alama tana ƙara ƙwaƙwalwa kuwa, sun zuzuta; amfaninta dai rage rigima.

Tambaya: 'Yata mai shekara ɗaya da rabi ta daina waiwayowa tun da ta yi sanƙarau. Waɗannan alamun sun ishe ta? (Wani uba daga Katsina)

Amsa: Ba su isa ba, Malam. Ka kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro a makon nan, domin bayan sanƙarau can cikin kunne yakan ƙandare, jinkiri kuma yana rage abin da likita zai iya yi. Kada ku jira sakamako kafin ku fara koya mata maganar hannu. Cikakken harshe take buƙata, mai jimla da tambaya da tatsuniya. Akwai maganar hannu ta Hausa da kurame suka daɗe suna yi, akwai kuma ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka ta hannun wani kurma ɗan Amurka mai suna Andrew Foster a 1960. Ku nemi babban kurma ko malamin makarantar kurame, irin ta Tudun Maliki a Kano, ya riƙa zama da ku, gidan gaba ɗaya har da kakarta.