Ƙwallo ta gangaro daga kan ti, an ce mini "ɗaya": haka dokar take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan na yi ritaya ne na fara wasan golf a nan Katsina. Damuwata ita ce, in na kafa ti, ɗan tsinken nan da ake sokawa a ƙasa don bugun farko, na ɗora ƙwallo, da na kawo kan sanda kusa sai ta gangaro. Abokan wasa su kwashe da dariya su ce "ɗaya!", wai na yi bugu ɗaya ke nan, har wani ya taɓa rubuta mini a katin ƙirga bugu. Wani kuma ya ce in na sa hannu na mayar da ita da kaina akwai tara, sai dai yaron da ke ɗaukar mini jaka ya mayar. Yanzu da an doshi ramin farko gabana faɗuwa yake yi. Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, ko bugu ɗaya ba ya kanka. Wannan "ɗaya" tsohuwar tsokana ce ta 'yan golf, a ko'ina ana yin ta, kuma a baki take tsayawa, ba ta shiga kati. Doka ta 6.2 a kundin da hukumomin R&A ta Sikotland da USGA ta Amurka suka tsara ta fito fili: ƙwallon da ke kan ti ba ta shiga wasa ba sai ka kai mata sanda da niyyar bugu. Iska ta ture ta, ko kan sanda ya taɓa ta, ko ka same ta bisa kuskure kana gwaji, duk ka ɗauka ka mayar. In ka yi niyya ka kuskure ta, wannan kam an ƙirga. Ko a nan ma, tun gyaran 2019, muddin tana cikin wurin farawa kana iya sake ɗora ta ka yi bugu na biyu.

Kowa da tasa ɗabi'ar a wurin nan. Wani sai ya juya rubutun ƙwallon ya fuskanci rami, wani ba ya kafa ti sai fari, wani ya yi ta kaɗa sanda har a gaji da jira. Babu laifi. Taka matsalar ta ƙasa ce: da hunturu ƙasarmu tauri take yi, ti ya shiga a karkace. Ka haɗa ƙwallon da ti a tafin hannu ka danna su tare, a miƙe, yadda kusan rabin ƙwallon zai leƙo saman kan direba, wato doguwar sandar bugun nesa. In ya ƙi shiga, ka tara ɗan yashi ka ɗora a kai. Haka ake yi kafin wani likitan haƙori na Boston, George Grant, ya yi wa ti na katako rajista a 1899, kuma har gobe doka ta yarda.

Maganar da ta tayar mini da hankali ita ce ta yaro. Babu wannan dokar, ba a taɓa yin ta ba. Kullum ina fama da masu ƙirƙirar doka a baki, waɗanda ba su taɓa buɗe kundin ba amma sun fi kowa yanke hukunci. Ka dubi abin da wannan ƙaryar ke jawowa. Kai kana tsaye ka riga ka gyara ƙafa, direba na hannunka, idonka na can wajen da kake son ƙwallo ta faɗa. Yaro ya durƙusa a gabanka, kansa bai fi taƙi ɗaya daga kan sanda ba, yana fama da ti a busasshiyar ƙasa. Hannunka kuwa ya saba da kaɗa sanda ba tare da ka sani ba. Ko a hannun ɗan koyo kan direba yakan wuce gudun kilomita 100 a awa. Ƙwallon kanta nauyinta bai kai giram 46 ba, amma tauri gare ta kamar dutse, kuma a bugun ƙwararru takan tashi da gudun kusan kilomita 270 a awa. Ido ko haƙori ko ƙashin kunci ba sa jure wannan.

Na kuma san wasu ba don doka suke yi ba, gani suke sunkuyawa ta rage musu girma. Alhaji, yaron nan ɗan wani ne, ya fito neman na abinci, amana ne a hannunka har ku gama rami na 18. In baya ko gwiwa ne suka hana ka sunkuyawa, ka ja da baya taku uku, ka dasa kan sanda a ƙasa, ya kafa, ya koma gefen da fuskarka ke kallo, can nesa, sannan ka matso. Kada ka yi gwajin bugu kana fuskantar mutane, don tsakuwa ma tashi take yi.

Shi kuma mai son yanke tara, ga ta gaskiya ya lura da ita: wurin farawa daga layin alamomi biyu da ake ajiyewa a bakinsa ne zuwa tsawon sanda biyu baya. A wasan ƙirga bugu, wanda ya kafa ti gaba da layin ya buga, tarar bugu biyu ce, kuma dole ya sake daga wurin da ya dace.