Tambaya da Amsa: 12 a bes 5, cika ce ko mara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Don Allah a warware mana wani musu. Tun firamare aka koya mana duk lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 cika ce, tana rabuwa biyu ba saura. To yanzu mun shiga darasin bes, wato rubuta lamba da ƙirgan biyar-biyar ko wani adadi maimakon goma-goma da muka saba, aka ba mu 12 a bes 5, ni na ce cika ce tunda 2 ce a ƙarshe, ƙawata ta kafe wai mara ce. Wa ke da gaskiya?
Daga wata ɗalibar sakandare

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Gaskiya ƙawarki ce ta ci wannan karon. 1 ɗin da kike gani a gaba ba goma ba ne, biyar ne guda ɗaya, ki ɗora 2 a kai ya zama 7, bakwai kuwa ko a wane bes aka rubuta ta mara ce, in kika raba wa mutum biyu dole ɗaya ta yi saura. Bes yana canza yadda ake rubuta lamba ne kawai, adadin yana nan yadda yake.

Dabarar duba ƙarshen nan da kika riƙe ba ƙarya ba ce fa, amma ta bes 10 ce, kuma dalilinta shi ne 10 da 100 da 1000 duk cika ne, ko nawa kika ɗebo a cikinsu za su rabu biyu, shi ya sa alƙalamin ƙarshe kaɗai ke yanke hukunci. A bes 5 kuwa gurabun su ne 5, 25, 125, dukkansu mara, don haka kowane alƙalami yana da ta cewa, sai kin tara su gaba ɗaya. 1 da 2 uku kenan, mara. Ki gwada 13 a bes 5, ta ƙare da 3 amma 1 da 3 huɗu ne, kuma lambar 8 ce, cika sak. Haka abin yake a bes 3 da 7 da duk wani bes mara. A bainari, wato bes 2 da kwamfuta ke aiki da shi, dabararki tana nan daram tunda 2 cika ce, 1010 goma ce, 101 biyar.

Abin da ya fi burge ni a nan, kuma malamai da yawa kan tsallake shi saboda saurin gama silabus, tarawar nan ita ce dai dabarar 9 da kuka sani, wadda ake tara alƙaluma a ga ko 9 ta shiga. Babu wani sirri a jikin 9, kawai dai ita ce 10 ba ɗaya. A bes 8 wannan aikin na 7 ne, 52 a bes 8 biyar sau takwas ne da biyu wato 42, 5 da 2 bakwai, 42 kuma bakwai sau shida. A bes 5 na 4 ne, kuma da yake 2 tana shiga 4 shi ya sa tarawar ke nuna miki cika ko mara.

Ki kai wa ƙawar taki 341 a bes 5, ki ce ta faɗi ko 4 tana shiga ba tare da ta mayar da ita bes 10 ba.