Dalilin da ya sa mai kula da zirga-zirgar jirage a wasan tuƙin jirgi yake ba da umarni mara kan gado

Malam, ka yi tambaya a kan abin da ya sa mai kula da zirga-zirga a wasan tuƙin jirgi na Microsoft Flight Simulator yake barin ka can sama har ka kusa Birnin Kebbi daga Abuja, sannan ya dame ka da cewa ka gaggauta saukowa. Laifin ba na tuƙinka ba ne. Mai kular ba mutum ba ne, manhaja ce. Manhajar tana bin jerin tsayin da aka rubuta a taswirar sauka, ba ta lissafin nauyin jirginka ko iskar da ke tura shi, shi ya sa wani lokaci ta ce ka sauko, can kuma ta ce ka hau.

Matuƙa na gaske suna lissafin mil 3 na ruwa (ma'aunin nisa da jirage suke amfani da shi) ga kowane ƙafa 1,000, wato wanda ke tsayin ƙafa 24,000 zai fara gangarowa tun yana da kusan mil 72 kafin filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Ka yi wannan lissafi da kanka, ka nemi izinin saukowa tun da wuri.

Ma'aikacin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, kuwa mutum ne mai hankali, yana duba hazon hunturu, yana jera jirage, yana iya sa ka yi ta kewaye a sama har hanya ta samu, abin da manhajar ba ta iya yi da kyau. Ni dai na daina amfani da ita, na koma VATSIM, hanyar sadarwa ta intanet ta masu wasan tuƙin jirgi wadda aka kafa a 2001, inda mutane ne ke ba da umarni da muryarsu. Sai dai ba kullum ake samun mai kula da sararin Najeriya ba, kuma VATSIM tana buƙatar intanet.