Amsa ga Ɗanlami kan hoton kamarar huda

Ɗanlami, na ga hotunan duwatsun Shere da ka turo mini, na kuma karanta tambayarka. Ka cire gilashin kamarar dijital, ka huda murfin gabanta da allura, hoto ya fito dishi-dishi, alhali wanda na ɗauka da akwatin katako da fim, wanda ke rataye a shago, ya fito ras, shi ya sa kake zaton fim ya fi dijital kaifi. Ba nan gizo ke saƙar ba.

Tunda babu gilashin da zai tattara haske, kowane ɗigo na jikin dutsen yana sauka a cikin kamara da faɗin da ya yi kusa da na hudar kanta. Idan ka faɗaɗa huda hoto ya dagule, idan kuma ka matse ta fiye da kima sai haske ya karkace a bakinta ya bazu, hoton ya sake dagulewa. Wani masanin Ingila, Lord Rayleigh, ya fitar da lissafin tsakaitawa a 1891, kuma bisa lissafinsa, idan tazarar huda da inda hoto ke sauka milimita 50 ce, hudar da ta dace wajen milimita 0.3 ce.

To, faɗin sensar kamarar dijital ɗin, farantin da hoto ke sauka a kansa a madadin fim, milimita 36 ne, wato ɗigo irin wannan kusan 120 ne kawai za su jeru daga gefe zuwa gefe, ko da yake fiksel, ƙananan ɗigogin sensa masu kama haske, 6,000 ne a jere a wurin. Ɗigo ɗaya ya kwanta a kan fiksel hamsin, sannan ka je ka buɗe shi a kwamfuta kana zuƙowa, yaya ba za ka ga hazo ba? Fim ɗin da na sa a akwati kuwa mai inci 4 da 5 ne, tazararsa da huda milimita 150, hudar kuma wajen 0.55. Tazara ta ninka uku amma huda ba ta ko ninka biyu ba, don haka ɗigo kusan 230 suka jeru, kuma da na zo wanki, ɗora fim ɗin na yi a kan takarda kai tsaye, ban ƙara masa girma ko kaɗan ba. Da ƙaramin fim na milimita 35 na ɗauka, da nawa da naka duk kanwar ja ce.

Sauran laifi biyu naka ne. Baƙaƙen tabon da ke sararin sama a hotonka ƙurar hunturun Jos ce da ta kwanta a kan sensa, domin huda mai ƙanƙanta haka tana fito da kowane ƙwayar ƙura ƙuru-ƙuru. Hudar kuma, na tabbata soka allura ka yi ta ɓulla, ta bar gezar ƙarfe a baya. Ka yanko gwangwanin lemo, ka dangwala tsinin allura har ya ɗan tasa ta baya, ka goge tudun da samfefa mai laushi har haske ya leƙo, sannan ka ɗaga shi ka duba ko ya yi zagaye sosai.

Ranar Asabar ka zo da kamarar da ƙafarta, mu share sensar tukuna, sannan in ba ka akwatin ka tafi Riyom da shi.