Na gama mastas a fiziks amma ban taɓa kunna leza ba, ina zan samu horo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dai bara na gama mastas a fiziks, aikina kan yadda haske ke tafiya cikin zaren gilashi ne amma wallahi duk a kwamfuta na yi shi, tunda nake ban taɓa kunna lezar bincike da hannuna ba sai irin 'yar ƙaramar nan da ake nuni da ita a allo. Yanzu ina so in zurfafa a fotoniks, wato kimiyyar sarrafa haske, har digirin dakta, ina ta ganin tallan kwasa-kwasai na sati ɗaya sati biyu, don Allah suna da amfani kuwa? Kuma wanne zan fara nema? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara basira. Suna da amfani sosai, amma kafin ki cike fom ɗin kowanne ki duba jadawalinsa ki ga awa nawa za a bar ki a gaban teburin gwaji, don abin da ya rage miki ke nan, lissafi kin riga kin iya.

Kin san zaren gilashin da ake sadarwa da shi, tsakiyarsa inda hasken ke bi faɗinta kamar maikiromita 9 ne kacal, gashin kai ma ya ninka ta sau da yawa. A kwamfuta layi ɗaya za ki rubuta haske ya shiga, ki ce a zangon haske na nanomita 1550 asarar hasken ba ta wuce desibel 0.2 a kowace kilomita ba, shi ke nan. Amma ranar da aka ba ki madubi biyu kowanne da maɓallin murɗawa biyu aka ce ki cusa hasken nan cikin tsakiyar zaren, sai ki wuni kina murɗa wannan kina sassauta wancan na'urar auna ƙarfin hasken ba ta ko motsa ba, can ki gano ashe ƙura ce 'yar mitsitsiya a bakin zaren take cinye miki komai. Wannan hannu ne ke koyonsa, littafi ba ya ba da shi, kuma duk farfesan da zai ɗauke ki dakta shi yake son ya ji kin taɓa yi.

Wajen da zan ce ki fara dubawa shi ne cibiyar binciken fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 musamman don masana daga ƙasashe masu tasowa. Suna da makarantar kimiyyar haske da suke yi lokacin hunturu, wajajen Fabrairu, kusan sati biyu, kuma akan tallafa wa wasu daga cikin waɗanda aka zaɓa da kuɗin tafiya da masauki. Sai African Laser Centre da aka kafa a 2003, ofishinta na hukumar binciken kimiyya ta CSIR a Pretoria ta Afirka ta Kudu, ita aikinta haɗa masu binciken leza na nahiyar ne da ɗakunan gwajin da ke da kayan aiki. Akwai kuma ƙungiyoyin masana haske biyu, SPIE da Optica wadda da ake kira OSA kafin ta sauya suna a 2021, ki yi rajista da su a matsayin ɗaliba, Optica na da makarantar Siegman ta sati guda kan leza zalla. Gaskiya sati biyu ba zai mai da ke gwana ba, amma can za ki zauna da wanda gobe zai buɗe miki ɗakin gwajinsa na wata uku ko shida, a nan ne ainihin horon yake.

Kada kuma ki raina kanki don kina farawa. Donna Strickland ɗalibar dakta ce a jami'ar Rochester ta Amurka a 1985 lokacin da ita da malaminta Gérard Mourou suka fito da dabarar miƙe ɗan gajeren bugun leza, a ƙara masa ƙarfi ba tare da ya lalata na'urar ba, sannan a sake matse shi, kuma da dogon zaren gilashi irin wanda kika yi nazari suka miƙe shi. Aikin nan ya ba su kyautar Nobel a 2018, yau ana amfani da irin lezar wajen aikin gyaran ido.

Maganar ido kuwa, don Allah ki riƙe ta da kyau. Leza mai ƙarfi, wato ajin 3B da ajin 4 a jerin haɗari, na iya ƙona bayan ido kafin mutum ya ƙifta, wadda ta fi haɗari ma ita ce wadda ba a gani kamar lezar da ake kira Nd:YAG mai zangon nanomita 1064, ido zai tattara hasken ya kai shi ciki ke ba ki ma san ya shiga ba. Tabarau na kariya kowanne da zangon hasken da yake tarewa, ba a ɗaukar ko wanne aka samu a aljihun tebur. Zobe da agogo da awarwaro a cire su, kuma ba a sunkuyawa har ido ya zo daidai da layin hasken. Duk kwas ɗin da bai fara da wannan darasin ba ni ban yarda da shi ba.

Wajen rubuta takardar nema ki faɗi gaskiya cewa aikinki na kwamfuta ne, ki ambaci gwaji guda ɗaya takamaimai da kike son ki iya da abin da za ki yi da shi in kin dawo. Ki nemi wasiƙar malaminki tun yanzu, don ana rufe karɓar fom watanni kafin a fara, ga kuma biza da ke cin nata lokacin.