An ce an gwada man ƙunar nan a kan ɓeraye, in saya?

Tambaya: Salam. Ni mai tuyar awara ce a Ƙofar Ƙaura, kullum ina gaban mai da wuta ga yara na kewaye da ni. Wani mai talla ya kawo mana man shafawa wai na ganyen bedi da zogale, ya ce an gwada shi a kan ɓeraye ƙuna ta warke da wuri. In saya in ajiye?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya tsare ki da yaran. Ni dai shawarata kar ki saya. Eh ana irin wannan binciken a jami'o'i, a tatso ruwan ganye a shafa ma ɓeraye masu ƙuna a riƙa auna ciwon, kuma wasu ganyayen kan nuna alamar amfani, amma fa fatar ɓera sako-sako take, in ta ji ciwo tsukewa take bakin ya haɗe, tamu kuwa sai sabuwa ta tsiro ta rufe wurin. Shi ya sa ake komawa kan alade don fatarsa ta fi kama da tamu, kafin a zo kan mutane. Sannan abin da suka gwada tacacce ne an auna shi, wanda ke cikin robar mai talla waye ya san me aka zuba? Ƙuna buɗaɗɗen ciwo ce, abu mara tsabta na shiga sai ta ruɓe.

Duba jikin robar ko akwai lambar NAFDAC. In ta ƙare da harafin L, an dai yarda a sayar ne, ba a tabbatar yana warkarwa ba.

Kuɗin nan gara ki je kemis ki sayi bandeji mai tsabta, ki kuma ajiye jarkar ruwa kusa da kaskonki. Mai ya fallatso, ki yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba, ki cire zobe ko awarwaro kafin kumburi. Don Allah ban da makilin, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri, kuma in ya yi bororo kar a fasa.

In ƙunar ta fi tafin hannun wanda ya ƙone, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ko ƙaramin yaro ne, a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina kai tsaye, a kuma tambayi allurar tetanus.